Sassa Biyar Na Ginin Manhaja A Kai A Kai

Manoman rani na Bunkure da Kura, masu shan ruwan madatsar Tiga wadda aka gama a 1974, sun san wannan: ɓarakar da aka gani da safe a gaɓar hanyar ruwa, kwando guda na ƙasa ya isa ya toshe ta. In kuwa ta kwana bakwai, sai gayya. To, haka kuskure ya ke cikin manhajar kwamfuta. Saboda haka masu rubuta manhaja suka tsara hanyar da za a riƙa haɗa aikinsu ana gwada shi duk sa'ad da wani ya ƙara wani abu. Tsarin nan sassa biyar gare shi.

1. Rumbu. Nan ne kowa ke zuba abin da ya rubuta. Rumbun yana riƙe da sunan wanda ya sāke kowane layi, da ranar da ya sāke shi. Wanda aka fi amfani da shi shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya ƙago a 2005.

2. Mai gadi. Wannan wata manhaja ce da ke tsaron rumbu dare da rana. Da zarar sabon abu ya shiga, sai ta tayar da aiki. CruiseControl, na 2001, yana cikin na farko-farko. Jenkins kuwa da Hudson aka san shi kafin 2011. Inda wutar lantarki ba ta zama, ana iya barin gadin ga injunan GitHub ta intanet.

3. Umurnin gini. Watau rubutaccen bayani mai nuna yadda za a harhaɗa manhajar daki-daki, ba da sa hannun mutum ba. Lalle ne a ajiye shi cikin rumbu, kada ya zauna a kan mutum guda.

4. Gwaji. A ce manhajar ta lissafin kuɗin ruwa ce. Sai a rubuta gwaji mai cewa kuɗin eka biyu ya zama ninkin na eka ɗaya. Ran da wani ya ɓata lissafin, gwajin zai kama shi tun ba a karɓi kuɗin da ya wuce ƙa'ida daga hannun manomi ba. Masana sun ce kada gini da gwaji su wuce minti 10, domin in sun daɗe mutane kan ƙosa su daina jira.

5. Shela. In an gama, sai saƙo ya tafi ga kowa. Kore alamar lafiya ce, ja kuwa alamar ɓarna. Manhajar da ta tsira sai a ajiye ta da lambarta, don in sabuwa ta ba da wahala a koma ga tsohuwa.

Amma fa a lura, sassan nan ba su gyara kome da kansu, nuni kaɗai su ke yi. Doka ita ce: kowa ya zuba aikinsa cikin rumbu ko da sau ɗaya a yini, in kuwa ja ta bayyana, kada a ɗora sabon aiki sai an gyara. Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi.

Tambayoyi

1. Don me a ke ajiye umurnin gini cikin rumbu?
2. Mene ne wajibin ma'aikata in alamar ja ta bayyana?