Shin Wariya Na Taɓa Lafiyar Baƙo?

Wata mai sauraronmu daga Maraɗi ce ta aiko da tambaya: shin da gaske ne wariyar da ake nuna wa baƙi a ƙasashen Turai tana jawo musu ciwo?

To Malama, ƙwarai kuwa. Mutumin da kullum yake ɗar-ɗar kada a wulaƙanta shi, jikinsa kan yi ta fitar da sinadarin kotizol, barci ya ƙaurace masa, a hankali hawan jini ya biyo baya.

Ga misali daga Birtaniya. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da lura cewa taɓin hankali mai tsanani ya fi yawa tsakanin baƙar fata 'yan asalin Karebiyan, alhali a Jamaika kanta abin bai kai haka ba. Ke nan da wuya a ɗora wa gado laifi. Wani bincike na 2001 a kudancin Landan ma ya gano cewa ciwon ya fi kama baƙi a unguwannin da 'yan uwansu suka yi ƙaranci. Ashe zama cikin dangi ma kariya ce.

Wani lokacin hukuma ce da kanta ke toshe ƙofar asibiti. A 2018 aka bankaɗo wata badaƙala da ake kira Windrush: mutanen da suka shafe gomman shekaru a Birtaniya bisa doka, an hana wasunsu magani kyauta, an tasa ƙeyar wasu, wai ba su da takardu. Sai da ministar cikin gida Amber Rudd ta yi murabus.