A zana gari a ƙasa, a gane tushen rigima

Ƴan uwa manoma da makiyaya, kowace shekara idan kaka ta yi, sai hankula su tashi. Ba a gama ɗauke hatsi daga gona ba, bisashe kuwa sun fara gangarowa daga arewa suna biɗar ruwa da kara. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jahar Maradi, irin wannan rigima ta ci rayuka fiye da 100, akasarinsu mata da yara. Darasinmu na yau shi ne yadda mutanen gari za su binciki rigimarsu da kansu tun ba ta kai can ba.

A da, ma'aikacin furoje yakan zo da takarda, ya tambayi mai gari, ya koma birni. Daga wajen 1990 aka fara aiki da wata dabara a ƙasashen Sahel, wadda ma'aikata ke kira MARP. A cikinta mutanen gari ne ke bincike. Ma'aikaci yana tambaya ne kawai, yana saurare.

Ana farawa da zanen gari a ƙasa, a inuwa. Ba a bukatar alli ko allo. Toka ta zama burtali, duwatsu su zama rijiyoyi, ganye ya zama makiyaya, guntayen kara su zama gonaki. Wanda bai iya karatu ba shi ma ya iya aza dutse. Idan an gama, sai a roƙi tsofaffi su zana garin yadda yake kafin yunwar 1984. A dubi zanen biyu. Sau da yawa a nan ake ganin burtali ya tsuke, ko gonaki sun kewaye tabki har garke ba ya da hanyar shan ruwa sai ta cikin shuka. Ba wanda aka zarga da baki. Ƙasa ce ta nuna.

Bayan haka a tona ƴan ramu 12, ramin kowane wata, a zuba tsakuwa gwargwadon yawan gardamar da ake yi a watan.

Sai itacen rigima. Rassansa su ne abin da kowa ke gani: ɓarnar gona, duka, tara. Saiwoyinsa ne ke da wuyar tonowa. Mutane sun ƙaru, ba a barin gona ta huta. Manomi ya mallaki bisashe, yana kwashe karansa ya ajiye ko ya sayar. Makiyayin da a da ake ba hatsi don ya zauna a gona saboda taki, yanzu ba a nemansa kamar da. Tara tana sare reshe ne kawai.

Amma a kula da waɗanda suka zauna. Idan an yi taro makiyaya suna mashekari mai nisa, zanen na ɓangare guda ne. Mata kuma, su da ke wuni a bakin rijiya, sun fi kowa sanin wanda ke hana wani guga, amma ba za su faɗa gaban mai gari ba. A ba su zamansu daban, matasa ma haka, sannan a haɗa zanen. Kuma a ganina kada a kira wannan taro ranar da aka yi ɓarna, zukata na tafasa.

Furoje ma a sa shi cikin bincike. Rijiyar siminti alheri ce, amma idan an gina ta tsakiyar gonaki ba tare da hanya ba, an kira garke cikin hatsi. A tambayi masu kawo taimako: wa zai amfana, wa zai rasa?

Doka tana bayan wannan aiki. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ita ce tushen kwamitocin kula da filaye, waɗanda suka kai har ƙauyuka, inda manoma, makiyaya, mata da matasa ke da wakilai. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi.

Iska tana share zanen ƙasa. Ku da kuka koyi rubutu, ku kwafe shi cikin littafi, ku sa kwanan wata da sunayen waɗanda suka halarta, ku kai wa kwamitin filaye na garinku.