Darasi na 14: 'Yan Gudun Hijirar Afganistan a Maleshiya

A ranar 15 ga Agusta 2021 ne 'yan Taliban suka shiga birnin Kabul, gwamnatin Afganistan ta rushe, dubban mutane suka bar ƙasar. A ƙarshen Satumba na wannan shekara, majalisar dokokin Amurka ta ware dala biliyan 6.3 cikin gaggawa domin tsugunar da 'yan Afganistan da aka kwaso a jiragen sama. Da wannan kuɗi aka sama musu muhalli da magani da abinci.

Amma ba kowane ɗan gudun hijira ne ya sami wannan gata ba. A Maleshiya akwai 'yan Afganistan 'yan dubbai, yawancinsu a Kuala Lumpur da kewaye. Ƙasar ba ta sa hannu a yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira ba, saboda haka dokarta ba ta bambanta su da baƙin haure. 'Ya'yansu ba sa shiga makarantun gwamnati, sai na sa-kai. Hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana yi musu rajista, su kuwa suna zaman jiran ƙasar da za ta karɓe su. Jiran ya ƙara tsawo a Janairu 2025, lokacin da Amurka ta dakatar da shirinta na karɓar 'yan gudun hijira.

Tambayoyi

1. Me ya sa Amurka ta ware kuɗin gaggawa a 2021?
2. Mene ne bambancin ɗan gudun hijira da baƙon haure?