Yadda kuran yake cika batiri

Ka taɓa kai batirin mota ko na babur wurin mai caji? Ka ga ba ya haɗa shi da kuran na bango kai tsaye. Sai ya bi da shi ta wani akwati, wato caja. Mi ke cikin akwatin nan?

Kuran da NIGELEC take kawowa gida ƙarfinshi bolt 220 ne. Batirin mota kuwa bolt 12 ne. Ƙarfin ya yi mishi yawa ƙwarai. Shi ya sa cikin caja akwai taransifo, ƙarfe ne da aka naɗe da wayar jan ƙarfe. Shi ke rage ƙarfin, ya maido shi wajen bolt 14.

Amma rage ƙarfi bai isa ba. Kuran na bango ba hanya guda yake bi ba. Zuwa yake, yana komowa, sau 50 cikin daƙiƙa guda. Ka zuba ruwa kwano guda cikin randa, ka kwashe, ka zuba, ka kwashe. Yaushe randa za ta cika? Haka batiri yake. Sai kuran mai bin hanya guda ke cika shi.

Nan ne aikin diyodi. Ƙaramin abu ne, wani bai fi ƙwayar wake ba. Ka san bakin da ake hura wa tayar keke iska: iska na shiga, ba ta fita. Haka diyodi ke yi wa kuran. Galibi huɗu ake haɗawa. Su tare mai zuwa, su juya mai komowa, duka su nufi batiri, ba a yi asarar rabi ba.

A cajar salula akwai kuma kondansater. Kuran na fitowa daga diyodi guntu-guntu, kamar ruwan guga. Kondansater ya tara, ya riƙa saki a hankali.

Caja ta kirki tana da mai tsaro, wanda ke rage kuran in batiri ya cika. Ta banza ba ta da shi. Sai batiri ya yi zafi, ruwanshi ya ƙafe, ya mutu tun bai tsufa ba. Ni dai a ganina, arahar caja ba ta kai kuɗin sabon batiri ba.

In za ka yi caji da kanka, maƙala jar waya ga alamar +, baƙa ga alamar −, sannan ka sa caja ga kuran. Yi aikin inda iska ke shiga. Batirin mota yana fidda wata iska mai kama wuta lokacin caji, saboda haka kar ka sha taba kusa, kar a kawo fitila. In ruwan cikinshi ya taɓa ka, wanke wurin nan da nan da ruwa mai yawa, don yana cin fata da tufafi.