Amsoshin Tambayoyinku: Garmahon Kaka

Wani mai sauraronmu daga Gidan Dahala a birnin Sakkwato ya ce ya tarar da garmahon kakansa da tsofaffin faya-fayai a ɗaki, yana tambaya ko ya sayar ko ya ajiye.

Malam, Allah Ya jiƙan kaka. Thomas Edison ne ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a Amurka a 1877, sannan a 1887 Emile Berliner ya fito da garmaho mai faifai shimfiɗaɗɗe, irin wanda ake yi wa wani da hannu, ba ruwansa da lantarki.

Kafin komai, abin nan gado ne. Ka zauna da sauran magada a yi masa kuɗi, a amince da wanda zai riƙe.

Faya-fayan sun fi na'urar bukatar kulawa. Masu juyawa sau 78 a minti ɗaya da wani irin ƙaro aka yi su, wanda ake samu daga ƙwari a Indiya, kuma da sun faɗi sai su tarwatse. Zafin bazarar Sakkwato yana lanƙwasa su, don haka a jera su a tsaye cikin inuwa, nesa da rufin kwano, a lulluɓe saboda ƙurar hunturu. Kada a goge su da sipirit, yana cinye su. Allurar ƙarfe kuwa, a canza ta bayan kowane gefe, kuma kada a ɗora ta kan faifan roba na baya-bayan nan. Wajen yi wa garmahon wani, a tsaya da zarar hannu ya yi nauyi.

Shawararmu, kada ka sayar. Ka ɗauki sautin a waya, ka rubuta wa 'ya'yanka sunan mai shi da yadda ya same shi.