Ƙaura zuwa Kwatano

Ƙasar Nijar ba ta da teku. Wanda yake son ganin teku sai ya yi tafiya mai nisa zuwa kudu. Ɗaya daga cikin garuruwan bakin teku da ƴan Nijar suka fi sani shi ne Kwatano, birni mafi girma a ƙasar Benin. Daga Yamai zuwa can ya fi kilomita 1000.

Hanya tana bi ta Doso, ta gangara Gaya. A nan kogin Kwara ya raba ƙasashen biyu: Gaya a wannan gaɓa, Malanbil a waccan. Akwai gada a tsakaninsu. A shekarar 2023 aka rufe gadar saboda saɓanin gwamnatoci, sai matafiya suka koma ƙetarewa da kwale-kwale. Daga Malanbil mota tana wuce Kandi da Paraku. Tana ƙara yin kudu, itatuwa suna ƙara tsawo. Gonakin hatsi suna ɓacewa, sai doya da rogo da masara da kwakwar manja.

Me yake kai mutane Kwatano? Yawanci neman abinci ne. Akwai babbar tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1965. Shekaru da yawa, ta nan ne mafi yawan kayan da Nijar take saye daga ƙetare suke sauka: shinkafa, sukari, atamfa, motoci. Wasu ƴan Nijar sun je tuƙin kamyo, wasu sayar da albasar Galmi, wasu fawa ko gashin nama. Idan mutum ya samu wurin zama, sai ya aika a kawo masa iyalinsa.

Baƙo yakan fara sauka a unguwar Zango. Can akwai babban masallaci, ana jin Hausa da Zabarmanci da Dandanci. Amma gida a Kwatano ba kamar gida a ƙauye ba ne. Ɗaki haya ne, ana biya duk wata. Ruwa na saye ne, gawayi na saye ne. Babu rumbu a bayan gida. Ran da uba bai samu aiki ba, duk gidan sai sun ji a jikinsu.

Abin da ya fi ba sabon zuwa mamaki shi ne iska. Iskar bakin teku tana da laima. Mutum yana zaune a inuwa, zufa tana keto masa. Wankin da zai bushe nan da nan a Doso, a nan sai ya wuni a kan igiya. Takalmin da aka ajiye ƙarƙashin gado yakan yi fumfuna. Iskar kuma tana ɗauke da gishiri, shi ya sa ƙofar ƙarfe da keke da kwanon rufi suke saurin yin tsatsa. Damina biyu ce a shekara: babba daga Afirilu zuwa Yuli, ƙarama wajen Oktoba. Ruwan da ake yi ya ninka na Yamai sau biyu. Garin yana kwance a kan rairayi tsakanin teku da tafkin Nokuwe, don haka ruwa yakan kwanta cikin unguwanni. Inda ruwa ya kwanta kuwa, sauro ya samu gida. Dole yara su kwana cikin gidan sauro.

Teku fa? Ba a hango ƙarshensa. Ruwansa gishiri ne, ba a shansa, ba a ba dabba, ba a ban ruwan garka da shi. Ba ya kwanciya kamar tafki. Dare da rana igiyar ruwa tana tasowa, ta bugi gaɓa da ƙara, ta koma. Lokacin komawarta take jan ƙafar mutum. Yaron da ya iya iyo a kogi bai isa ya ce ya iya teku ba. Masuntan wurin ma, da aka haifa a bakinsa, suna tsayawa su duba igiyar kafin su tura kwale-kwalensu. Idan sun jefa taru, mutane da yawa suke jeruwa a gaɓa suna jan igiyarsa suna waƙa, har kifi ya fito.

Abinci ma ya sake. Fura da nono sai an nema. Tuwon masara da miyar kifi da manja su ne na kullum. Da fari yara suna ƙi, daga baya har su riƙa neman ƙari.

A lakwal, yawancin ƴan aji suna jin harshen Fon ko Yarbanci. Sabon ɗalibi ba ya jin ko kalma ɗaya. Amma mushe da Faransanci yake koyarwa, kamar a Nijar. Da Faransancin nan yaro yake samun abokinsa na farko. Kuɗi ma ɗaya ne, sefa. Da yamma, in ya koma Zango, sai ya ci gaba da Hausarsa.

Kalmomi
teku: la mer
igiyar ruwa: la vague
tsatsa: la rouille
taru: le filet

Tambayoyi
1. Waɗanne garuruwa mota take wucewa daga Yamai zuwa Kwatano?
2. Don me ƙarfe yake saurin yin tsatsa a bakin teku?
3. Me ya bambanta teku da kogi?
4. Akwai wanda ya taɓa zuwa bakin teku a garinku? Ku tambaye shi abin da ya gani.