Rijiyar Tare Yashi a Kan Magudanar Ruwan Sama

Sanin kowa ne duk shekara kafin damina ta faɗi akan yi gayya a yashe lambatu, amma kafin tsakiyar Agusta sai a tarar ya sake cikewa, ruwa ya hau titi yana cin gindin katangu. Mutane sukan ɗora laifin a kan shara. Shara tana da nata laifi, amma yashi da laka sun fi ta ɓarna. Ƙurar da hunturu ya zuba, da turɓayar hanyoyin da ba su da kwalta, da yashin da magina suka jibge a ƙofar gida, da ƙasar da ke zagwanyewa daga jikin ginin laka, duk ruwan farko ne ke kwashe su ya kai su magudana. Da zarar sun shiga kwalbatin da ke ƙarƙashin titi sai su kwanta su daskare, hannu ba ya kai gare su.

Maganin da injiniyoyi suke yi wa wannan shi ne a gina wani ɗaki a ƙarƙashin ƙasa a kan hanyar ruwan, a rufe shi da murfi, ruwa ya shiga ta gefe guda ya fita ta wancan, ya bar yashinsa a ciki. Shi ake nufi da rijiyar tare yashi. Tun gyaran mulki na 1976 aikin gina irinta ya tashi daga hannun En'e ya koma ga Ƙaramar Hukuma da Ma'aikatar Ayyuka ta Jiha. Duk da haka Hakimi shi ne idon ƙasarsa, shi Dagatai da Masu Unguwa ke kai wa kuka, saboda haka ya kamata shi da Malaminsa su san yadda abin yake aiki.

Yadda ruwa ke sakin yashi

Duk matar da ta taɓa ɗebo ruwan rafi ta zuba a randa ta san asalin wannan ilmi. Ruwa mai gudu yana ɗauke da ƙasa. In ya natsu sai ya sake ta. Amma ba duka take sauka lokaci ɗaya ba. A 1851 wani masani na Jami'ar Kambirij ta Ingila, George Stokes, ya nuna cewa in ƙananan ƙwayoyi ne, wadda ta fi wata ƙanƙanta sau 10 takan fi ta jinkirin nutsewa sau 100. Yashi mai laushi, wanda kaurin ƙwayarsa kashi 1 cikin 10 ne na milimita, yakan nutse mita 1 cikin kamar minti 2. Laka wadda ta fi shi laushi sau 10 sai ta yi wajen sa'a 3. Yumɓu kuwa, kusan mako 2.

Daga nan za a gane iyakar ƙarfin rijiyar. Tana kama tsakuwa da yashi, watau masu toshe kwalbati, amma ba ta kama yumɓu. In Hakimi ya ga ruwa yana fita daga cikinta jajawur, kada ya ce aikin ya ɓaci. Haka kuma ba ta tare ambaliya irin wadda ta auku a Kano a 1988 da madatsar Bagauda ta fashe, ko ta Maiduguri a 2024 da ta Alau ta ɓalle. Wannan wani sha'ani ne dabam.

Girman rijiya

A nan ne aka fi yin kuskure. Mai gini yakan ɗauka zurfi shi ne ƙarfin rijiya, alhali kuwa tun 1904 wani injiniyan Amurka, Allen Hazen, ya bayyana cewa faɗin fuskar ruwan shi ne abin lura. Zurfi wurin ajiya ne kawai.

Ga misalin lissafin. A ɗauka unguwar da ruwanta ke bi ta magudanar hekta 1 ce, watau mita 100 tsawo, mita 100 faɗi. In aka yi ruwan milimita 50 cikin sa'a guda, kimanin inci 2 ke nan, to lita 500,000 ta zuba a kanta. A ce ƙasa ta shanye kashi 4 cikin 10, sauran kashi 6 suka gangaro daga rufin kwano da daɓe da kwalta. Lita 300,000 ke nan a sa'a, watau kamar lita 83 kowace daƙiƙa. Yashi mai laushi yana sauka milimita 8 a daƙiƙa, saboda haka kowace murabba'in mita ta fuskar rijiya lita 8 take iya tacewa a daƙiƙa. In aka raba 83 da 8 za a sami 10 da 'yan kai. Ashe unguwar nan tana bukatar ɗaki mai tsawon mita 5 da faɗin mita 2, injiniya kuma zai ƙara a kan haka, don ruwan lambatu ba ya zama shiru kamar na randa. Wanda ya gina ramin mita 1 a wannan wuri ya ce ya yi rijiyar tare yashi, kuɗin jama'a kawai ya binne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Gindin ɗakin ya yi ƙasa da bakin fita da mita 1 ko fiye. Nan ne ma'ajin yashi. A gina shi da kankare ko bulo mai cike da siminti, a shafe ciki. A sa shamaki a gaban bakin shiga don ya karya ƙarfin ruwa ya baje shi, a sa wani a gaban bakin fita wanda ya nutse cikin ruwa kaɗan, don leda da baƙin mai da ke yawo a sama su tsaya. Lalle ne kuma a bar wata hanya ta gefe wadda ruwa mai yawa zai bi ya wuce ranar da aka yi kamar da bakin ƙwarya. In babu ita, ruwan dare ɗaya sai ya tone duk abin da rijiya ta tara a wata biyu ya tura shi cikin kwalbatin da ake tsarewa.

Akwai wani iri mai siffar ganga, wanda ruwa ke shiga ta gefe yana juyawa, yashi yana gangarawa tsakiyar gindi. An fara gwada irinsa a Biristol ta Ingila cikin shekarun 1960. Ba ya cin wuri, amma yana da tsada, kuma da motar zuƙe laka ake kwashe shi. Garin da ba shi da wannan mota ya fi masa alheri ya tsaya a kan ɗaki mai kusurwa huɗu, wanda shebur da bokiti ke iya yashewa.

Wurin da ya dace shi ne gab da bakin kwalbati, ko gindin gangare, ko inda ruwan kasuwa da na tasha ke haɗuwa da babbar magudana, muddin baro ko mota za su iya isa bakin murfin.

Kiyayewa

Rijiyar da ta cika daidai take da babu. Sai Malamin Hakimi ya buɗe littafi, kowace rijiya da shafinta: lambarta, unguwarta, zurfinta ranar da aka gama ta, da sunan Mai Unguwar da ke lura da ita. Awo ba wuya. A sami gora mai tsawo a yi mata alama, a zura ta har ta taɓa yashi, a karanta, a ɗebe daga zurfin asali. Abin da ya rage shi ne kaurin yashin. A auna a watan Afrilu, a auna sau ɗaya kowane wata daga Yuni zuwa Satumba, da kuma bayan kowane babban ruwa. In yashi ya kai rabin ma'aji a kwashe, kada a jira ya cika, domin daga nan ruwa ke fara ɗebe shi. A ɗakin da aka yi misali da shi, rabin ma'aji ya kai wajen tan 9, ba aikin mutum biyu da hantsi ba ne. Littafin nan shi ne hujjar Hakimi in ya rubuta wa Ƙaramar Hukuma yana neman lebura da mota.

Abin da aka kwaso kada a tara shi a bakin rijiya, ruwan gobe zai mai da shi. Kada kuma a zuba shi a lambu ko kusa da rijiyar sha, gama yana gauraye da ƙazanta da baƙin mai. A kai shi inda Duba-gari ya nuna.

Da yake ruwa kan kwana a ciki, sauro na iya ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Murfi ya zauna daram, wanda ya fashe a sake shi nan da nan, don tsare yara da dabbobi ma. Bayan damina a kwashe ruwan sarai a bar ɗakin a bushe.

Magana mafi nauyi ita ce ta ran ma'aikata. Shara in ta ruɓe a rufaffen wuri takan fid da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai nauyi, wadda ke kwanciya a gindin rami. In ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta tafi, sai ya faɗi sumamme. Masu haƙar rijiya sun saba zura fitila su gwada iska. A nan haramun ne, domin akwai wata iskar mai kama wuta. A buɗe murafe duka a bar iska ta ratsa tukuna, a gwada da na'urar awon iska in akwai ta, a kwashe abin da za a iya daga sama. In shiga ta zama tilas, mai shiga ya ɗaura igiya a jiki, mutum biyu ƙarfafa su tsaya a sama riƙe da ita. In ya faɗi a jawo shi da igiyar, kada kowa ya bi shi ciki. Ba a shiga in hadari ya haɗo, ko da a can nesa ne, ba a kuwa sa yaro.